Daga jiragen ruwan shaƙatawa zuwa Mubi: Wa ke da ikon faɗa wa mutum abin da zai saka?

Garin Mubi da ke arewacin Jihar Adamawa ba shi da gaɓar teku. Kogin Yedzaram da ya ratsa shi ma yakan ja baya ya bar rairayi da zarar rani ya tsananta. A zahiri babu abin da ya haɗa mazaunin wannan gari da manyan jiragen ruwan shaƙatawa da ke yawo da masu hali a tekunan duniya. Amma tambayar da ke tare fasinjan irin wannan jirgi a ƙofar ɗakin cin abinci ita ce ke tare ɗalibi a ƙofar makaranta, ta tare matashi a shingen sojoji kan hanyar Mararrabar Mubi, ta kuma tare ma'aikaci a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja: shin wannan shigar ta halatta a nan?

Abin da ya bambanta shi ne girman asarar da ke biyo bayan amsar. Fasinjan da aka mayar daga ƙofa zai rasa abincin dare ɗaya ne a wani ɗaki, ya je ya ci a wani. Ɗalibi zai iya rasa jarrabawa, ma'aikaci ya sami takardar tuhuma a fayil ɗinsa, matashin da ya sa wandon da ya yi kama da na soja kuwa ya kwana a tsare. Duk da haka, jirgin da hukuncinsa ya fi sauƙi shi ne ya fi kowa tsara dokarsa a fili, kuma akwai abin koyi a nan ga duk mai rubuta takardar umarni a ofishin gwamnati.

Dokar da aka haifa a kan teku

Al'adar sauya tufafi domin cin abincin dare ta samo asali ne daga gidajen masu sarauta da attajiran Ingila. Da jiragen ruwa masu aiki da tururi suka fara jigila tsakanin Turai da Amurka a ƙarni na 19, sai fasinjojin aji na ɗaya suka shiga da al'adar cikin jirgi. Kamfanin Cunard, wanda ya fara aiki a 1840, yana cikin waɗanda suka riƙe ta har yau. A jirgin Titanic da ya nutse a 1912, akwai mai busa ƙaho da ke sanar da manyan fasinjoji cewa lokacin shirin cin abinci ya yi. A daren farko na tafiya kaɗai ake ɗaga ƙafa, saboda ba a gama kwance akwatuna ba. Fasinjojin aji na uku, waɗanda galibinsu talakawa ne masu hijirar neman abinci, dokar ba ta shafe su ba, domin tun farko ba a buɗe musu ƙofar wannan ɗaki ba. Ke nan tun asali, sutura alama ce ta wanda aka yarda ya zauna da wa.

A yau, a jirgin Queen Mary 2 da ya fara aiki a 2004, wanda ke ƙetare Tekun Atlantika cikin kwana bakwai, dokar takan fara aiki ne daga ƙarfe 6 na yamma. A yawancin darare ana neman shiga ta kamala kawai. A darare biyu ko uku kuma akan yi abin da suke kira daren biki, inda ake son namiji ya sa baƙar kwat da farar riga da taye, mace ta sa doguwar rigar fita biki. Wanda bai da sha'awar wannan ba a tilasta masa. Akwai ɗakin cin abinci na ɗebi-da-kanka da wasu zauruka da aka keɓe, inda zai zauna da shigarsa ta yau da kullum.

Ba dukan kamfanoni ne ke da wannan tsauri ba. Kamfanin Norwegian Cruise Line ya sassauta dokar tun a shekarar 2000, ya bar fasinja ya ci abinci lokacin da ya ga dama cikin shigar da ta yi masa daɗi. Amma ko a jirage mafi sassauci, ba a shiga ɗakin cin abinci da kayan ninƙaya ko ƙafa ba takalmi. Kasuwar ta matso kusa da matafiyan Arewa ma, domin a Disambar 2024 jirgin kamfanin Saudiyya mai suna AROYA ya fara tashi daga Jidda zuwa cikin Bahar Maliya.

Wani abu da ya kamata matafiyi ɗan Najeriya ya sani shi ne, kamfanonin da ke riƙe da daren biki galibi suna karɓar tufafin girma na ƙasar mutum a matsayin cikakkiyar shiga, kamar yadda suke karɓar zanen da mazan Sukotland ke ɗaurawa. Babbar riga da 'yar ciki da wando da hula suna cikin wannan sahu.

Aureol da babbar riga

Najeriya ba baƙuwar wannan al'ada ba ce. Daga 1951 zuwa farkon shekarun 1970, jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ne ke jigilar fasinjoji tsakanin Libaful da Legas, tafiyar kusan mako biyu da ake yada zango a Saliyo da Gana. A cikinsa jami'an mulkin mallaka ke zuwa aiki su koma hutu, a cikinsa kuma ɗalibai da ma'aikatan Najeriya da yawa suka tafi Ingila ƙaro ilimi. A teburin irin wannan jirgi ne wasu daga cikin manyan ma'aikatan farko suka fara koyon wace kwat ake sawa da rana, wace ake sawa da dare. Da suka dawo suka karɓi ofisoshi, sai kwat da taye suka zauna daram a matsayin tufafin aikin gwamnati, ko da kuwa ana zafin da ke narka kwalta.

Shugabannin Arewa na wancan zamani sun ɗauki wata hanya dabam. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi 'yancin kai ranar 1 ga Oktoban 1960 cikin babbar riga, kuma da ita ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya bayan 'yan kwanaki. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da rawaninsa yake shiga kowane zaure a duniya. Tun daga lokacin aikin gwamnatin Najeriya ya gaji tufafin girma iri biyu, na aro da na gida. Shi ya sa har yau katin gayyatar liyafar gwamnati ko ta ofishin jakadanci yakan ba da zaɓi tsakanin kwat da tufafin gargajiya.

Wannan zaɓi ba kowace ƙasa ce ta same shi ba. A Nuwambar 2023 shugaban majalisar dokokin Kenya ya hana shiga zauren majalisa da rigar nan mai gajeren hannu da ake kira kwat ɗin Kaunda, har da tufafin gargajiya, ya ce kwat da taye ne ƙa'ida.

Hukumomi uku a gari ɗaya

Mubi gari ne da ya ga sauyin tuta fiye da yawancin garuruwan Najeriya. Jamusawa sun mulke shi a matsayin ɓangaren Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila a matsayin yankin amana. Bayan ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961, yankin ya shigo Najeriya ranar 1 ga Yunin shekarar, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwatarsa. Fali da Gude da Njanyi da Fulani da Margi da Higi da Hausawa, Musulmi da Kirista, duk suna cin kasuwa ɗaya, kuma babbar kasuwar shanunsa na janyo fatake daga Kamaru da Chadi. A irin wannan gari, shigar mutum takan faɗi asalinsa da addininsa da sana'arsa tun kafin ya buɗe baki. Hukumomi uku ne kuma ke da ta cewa a kan abin da ya rataya a jikinsa.

Ta farko ita ce fada. Dokarta ba a rubuce take ba, amma babu wanda ya tashi a Arewa bai san ta ba. Ana cire takalmi kafin a isa gaban sarki. Alkyabba ba rigar kowa ba ce, rawani kuma yana da ma'anar da naɗinsa ke nunawa. A Kano, alal misali, rawani mai kunne biyu na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta. Jami'in da ya rako minista gaisuwar ban-girma fadar Sarkin Mubi, ya shigo da rigar wasan ƙwallo ko ya kutsa da takalmi, babu kotun da za ta hukunta shi, amma ya zubar da mutuncin tawagar kafin a fara magana. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura.

Ta biyu ita ce makaranta. Mubi garin ɗalibai ne, mai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002. Manyan makarantun Najeriya galibinsu suna da dokar sutura a littafin jagoran ɗalibai, kuma abubuwan da ake hanawa kusan iri ɗaya ne ko'ina: wando mai yage-yage, zazzago wando ƙasa da ƙugu, tufafi masu shara-shara ko masu matse jiki, da rigar da ta bar ƙirji ko cibiya a waje. Wasu ƙa'idojin kuma na sana'a ne, kamar farar rigar ɗakin gwaje-gwaje da rufaffen takalmin ɗakin injuna, waɗanda dalilinsu kare lafiya ne, babu mai jayayya a kansu. Gardama takan taso ne a kan kalmomi irin su "shigar mutunci", waɗanda a ƙarshe mai gadin ƙofa ne ke fassara su. Rigar da ta wuce ranar Litinin tana iya zama laifi ranar Talata idan an sauya mai gadi, kuma a duk faɗin ƙasar 'yan mata ne suka fi ɗanɗana wannan rashin tabbas.

Ta uku ita ce hukumar tsaro, kuma a nan ne sutura ta zama maganar rai da mutuwa. A ƙarshen Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram sun ƙwace Mubi, suka sauya mata suna, dubban mutane suka tsere zuwa Yola da Kamaru. Sai a tsakiyar Nuwamba sojoji da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato garin. A tsawon rikicin Arewa maso Gabas, maharan sun sha shiga garuruwa cikin kakin soja, kamar yadda suka yi a Chibok a Afrilun 2014. Dama dokar ƙasa ta haramta wa farar hula sa kakin soja, kuma rundunar soja ta sha maimaita gargaɗin. Wandon da matashi zai saya a gwanjo don gayu kawai, mai roɗi-roɗi irin na soja, yana iya jawo masa abin da bai taɓa zato ba a shingen bincike.

Abin mamaki, fasinjan jirgin shaƙatawa ma yana cin karo da wannan doka. Ƙasashen Karebiyan irin su Barbados da Jamaika da Tirinidad sun haramta wa farar hula sa tufafi masu zanen kakin soja, kuma kamfanonin jiragen kan gargaɗi fasinja tun kafin ya ɗaure kaya. Doka ɗaya ce, dalili ɗaya. Bambancin shi ne wancan an sanar da shi a rubuce, wannan kuwa sau da yawa a shinge yake fara jin labari.

Iyakar da ke kusa ta ƙara wa al'amarin sarƙaƙiya. A Yunin 2015, bayan hare-haren ƙunar baƙin wake a Injamena, Chadi ta hana sa niƙabi. A Yulin shekarar Kamaru ta yi haka a yankinta na Arewa Mai Nisa, wanda ke maƙwabtaka da Mubi, Nijar ma ta hana a yankin Diffa. A Najeriya, Shugaba Muhammadu Buhari ya ambata a Disambar 2015 cewa za a iya duba batun hana hijabi idan hare-haren suka ci gaba, maganar da ta tayar da ƙura, kuma ba a kafa dokar ba. Sakamakon haka, a wancan lokaci shigar da mace za ta fito da ita daga gida a Mubi lafiya lau tana iya zama laifi bayan ta ƙetare iyaka ta Sahuda.

Abin da kotuna suka ce

Shekaru goman da suka wuce sun nuna cewa dokar sutura ba ta fi ƙarfin kundin tsarin mulki ba. A Disambar 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabin da ke ƙarƙashin hular lauyoyi. Bayan dogon ce-ce-ku-ce, an rantsar da ita da hijabinta a Yulin 2018. Ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu, ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas. A Maris na shekarar, rundunar 'yan sanda a ƙarƙashin Sufeto Janar Usman Alkali Baba ta amince wa jami'anta mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hular aiki.

Lamarin bai tsaya ga addini ɗaya ba. A 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa hana 'yan mata masu yi wa ƙasa hidima sa siket maimakon wando, alhali imaninsu ne ya hana su sa wando, ya saɓa wa tsarin mulki. Mata Kiristoci ne suka shigar da wannan ƙara. Duk waɗannan shari'o'i sun ta'allaƙa ne a kan sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin addini da bayyana shi a aikace. Ga gari irin Mubi, inda masallaci da coci ke fuskantar juna a unguwa ɗaya, duk hukumar da za ta rubuta dokar sutura sai ta auna ta da ɓangarorin biyu.

Ofis da kalmar da ba a fassara ba

Dokokin Aikin Gwamnatin Tarayya, bugun 2008, sun lissafa shigar da ba ta dace ba a lokacin aiki cikin laifukan rashin ɗa'a, a sahu ɗaya da barci a bakin aiki da talla a harabar ofis. Jerin bai fayyace wace shiga ce ba ta dace ba. Al'ada ce ta cike gurbin: kwat ko kaftani a tsakiyar mako, manyan kaya ranar Juma'a, kaki ga jami'an kwastan da na shige-da-fice da na gidajen gyaran hali. Abin da ya rage kuma yana hannun shugaban sashe.

Wannan giɓi ya fi cutar da ƙananan ma'aikata. Darakta da ya zo da shigar da ta kauce, babu mai yi masa magana. Sabon ma'aikaci ko 'yar hidimar ƙasa kuwa ana iya mayar da su daga bakin ƙofa. Akwai kuma batun aljihu. Ɗinkin shadda mai kyau da hular Bama ko zanna bukar yana iya lashe kaso mai yawa na albashin ƙaramin ma'aikaci, ga kuma anko da kan biyo baya duk lokacin da aka yi bikin ofis ko liyafar ritayar maigida. Anko ba ya cikin kowace doka, amma wanda bai yi ba ya san irin kallon da zai sha. Da yawa kan ci bashi don kada a ga gazawarsu, alhali kayan aro ba ya rufe katara.

Inda jirgi ya yi daidai

Tsarin jiragen shaƙatawa ya tsaya ne a kan abubuwa huɗu. Ana rubuta dokar a sanar da fasinja kafin ya biya kuɗi. Ana ambaton tufafin da sunayensu, a ce wannan ya halatta, wancan bai halatta ba, maimakon a jingina da kalma mai fuska biyu. Ana iyakance dokar ga wuri da lokaci, wato wannan ɗaki daga wannan sa'a. Sannan ana barin wata ƙofa a buɗe ga wanda bai iya ba ko bai so ba, ta yadda babu mai kwana da yunwa saboda riga.

Ana iya cewa kwatancen bai yi daidai ba, tunda fasinja baƙo ne da ya biya kuɗi ana lallashinsa, makaranta da ofis kuwa wuraren horo ne da aiki. Gaskiya ne akwai wannan bambanci, sai dai nauyin da yake ɗorawa a kan hukuma ne. Fasinjan da bai gamsu ba zai sauya kamfani a tafiya ta gaba. Ɗalibin da ya samu gurbi da ƙyar, ko ma'aikacin da aka tura Mubi daga Inugu, ba shi da wannan dama. Wanda ba shi da mafita ya fi cancantar a faɗa masa dokar dalla-dalla, a gaya masa dalilinta, a kuma yi aiki da ita a kan babba da yaro.

Ga hadimai da jami'an tsare-tsare, aikin a aikace yake. Kafin a ɗaure akwatin maigida, a karanta ƙasan katin gayyata, domin a nan ake rubuta irin shigar da ake so. Idan an rubuta baƙar kwat ta dare, a tuntuɓi masu gayyata a ji ko suna karɓar tufafin ƙasa, a kuma tanadi cikakkiyar babbar riga da hula, ba kaftani kaɗai ba. Idan tafiyar ta haɗa da fada, a sanar da kowane ɗan tawaga tun a mota cewa za a cire takalmi. Idan ta nufi Arewa maso Gabas, ko wata ƙasa ta Karebiyan, a tabbatar babu direba ko mai ɗaukar hoto da ke ɗauke da riga ko hula ko jaka mai zanen kakin soja. Idan kuma an umarci hadimi ya tsara takardar dokar sutura ga ma'aikata, ya lissafa tufafin da sunayensu, ya ware gurbin addini da na lalurar lafiya, ya faɗi wanda za a kai wa ƙorafi, sannan ya miƙa ta ga sashen shari'a na ma'aikatar kafin a manna ta a allon sanarwa.